Yadda Za Ka Yi Feshin Gauta da Yalo Ba Tare da Ka Ƙarar da Gizo-gizon Lambunka Ba

Duk mai lambun gauta a fadamar Argungu, ko Jega, ko bakin Kwara a Yawuri, ya san yadda abin ke tafiya. A fara feshi mako biyu bayan dashe, a riƙa maimaitawa duk mako, kafin watan Maris ya yi nisa ganye ya fara ɗige-ɗige fari-fari, ya koma ruwan ƙasa, ya bushe kamar an babbake shi. Sai a ce maganin jabu ne, a ƙara murfi ɗaya a kan biyun da aka saba. Sau da yawa ba jabu ba ne. Aikinsa ya yi har ya wuce gona da iri: ya kashe ƙwarin da aka nufa, ya haɗa da masu cin ƙwarin, kuma gizo-gizo na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Dalilin lissafi ne. Darɓa kan girma ta fara haihuwa cikin mako guda. Farin ƙuda kan yi kusan mako uku daga ƙwai zuwa babba. Gizo-gizo kuwa watanni yake ɗauka kafin ya kai ga yin ƙwai. Idan ka share lambu gaba ɗaya, ɓarayin ne za su riga masu gadi dawowa, su tarar da gida ba kowa.

Fara da rabe gizo-gizo da jan gizo

Nan ne manoma da yawa ke yin kuskuren farko. Akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro, bai kai rabin milimita ba, ja ko ruwan ɗorawa, da ke zama a bayan ganye yana tsotse shi, yana kuma yin wata siririyar yana mai kama ƙura. Wasu na kiransa jan gizo. Wannan maƙiyi ne, shi ke ƙona gauta da tumatir a lokacin bazara. Saboda yanarsa sai mai lambu ya ɗauka duk abin da ke saƙa a jikin shuka ɓarna yake yi.

Gwajin ba shi da wuya. Ka riƙe farar takarda a ƙarƙashin ganye, ka kaɗa ganyen sau uku. Idan ka ga ɗige-ɗige kamar garin barkono suna motsi, ka murje da yatsa suka bar jan zane, jan gizo ne. Gizo-gizon gaske kuwa ana ganinsa da ido sosai: ƙafa takwas, jiki kashi biyu, ba fiffike, ba gashin baki irin na fara. Shi kaɗai yake zama, ba ya taron dangi a bayan ganye, kuma ba ya cin ganye ko fure ko 'ya'ya. Abincinsa ƙwari ne.

Ire-iren gizo-gizon da za ka tarar a lambun

Na ƙasa, ruwan toka ko ruwan ƙasa, mai gudu a bakin fangali idan ka taka. Ba ya saƙa tarko, farauta yake yi da ƙafa. Macen takan ja farar jakar ƙwai a bayanta kamar ƙwayar wake, idan sun ƙyanƙyashe ta goya su duka. Shi ke kama tsutsar da ta sauko ƙasa da ƙwarin da ke faɗowa daga ganye.

Mai tsalle, gajere, da manyan idanu biyu a gaba, yana juyowa ya dube ka. Da rana yake farauta a kan ganye. Akwai kuma siriri mai ƙayoyi a ƙafa, kore ko ruwan ƙasa-ƙasa, da ke laɓe a toho. Waɗannan biyun su ne suka fi kama farin ƙuda da koren ƙwaron nan mai tafiya a karkace, wanda ke sa gefen ganye ya yi rawaya ya naɗe.

Mai zama cikin fure, mai tafiya gefe-gefe kamar ƙaguwa. Sai masu zagayayyiyar saƙa tsakanin shuka da shuka, waɗanda ke kama ɗan malam-buɗe-littafin dare da ke saka ƙwan tsutsar gauta. Akwai wani fari-fari da ke wuni cikin naɗaɗɗen ganye, ya fito da dare yana bin ƙwai da jariran tsutsa.

Kada a ɗora musu abin da ba za su iya ba. Tsutsar da ta riga ta huda toho ko ta shige cikin gauta ta fi ƙarfin gizo-gizo, kamar yadda ta fi ƙarfin yawancin magani. Jan gizo ma ba su ne manyan masu cinsa ba, akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya kamawa da sauƙi da ke wannan aikin. Amma maganin da ke kashe gizo-gizo yakan kashe waɗancan ma. Shi ya sa ƙirga gizo-gizo ke da amfani: shi ne ma'aunin da ake gani da ido. Idan ya ɓace, ka san sauran masu gadin ma sun tafi.

Ta ina magani ke kama su

Na farko shi ne feshi ya same shi kai tsaye. Na biyu, ya taka ganye ko ƙasar da magani ya bushe a kai. Wannan ya fi shafar masu farauta da ƙafa, domin wuni suke suna yawo. Na uku, ya ci ƙwaron da ya sha guba.

Na huɗun shi ne wanda ba a cika lura da shi ba. Saƙar gizo tana tara hazon feshi kamar yadda take tara raɓa, kuma da yawa daga masu zagayayyiyar saƙa sukan cinye tsohuwar saƙarsu kafin su yi sabuwa. Ke nan ko ya ɓuya lokacin da kake feshi, da dare zai haɗiyi abin da ka bari.

Wanda bai mutu ba ma ba lallai ya tsira da aikinsa ba. Za ka ga saƙa ƙarama, a karkace, da manyan giɓi. Mai gudu ya yi sanyi, ka taɓa shi da tsinke ya ƙi motsi. Cinsu ya ragu, ƙwansu ya ragu. Idan kuma ka kashe ciyawar bakin lambu da maganin ciyawa a mako guda da feshin ƙwari, ka raba shi da abinci ka raba shi da wurin ɓuya.

Mataki na 1: ƙirga kafin ka ɗauki famfo

Ka tanadi farin faranti ko farin ƙyalle, kofunan roba biyar, tocila, da littafi. Ka zaɓi rana ɗaya a mako, ka riƙe ta.

Da sassafe, kafin raɓa ta kaɗe, ka ratsa lambun a karkace, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka tsaya a kan shuka 20. Kada ka ɗauki na bakin hanya kaɗai. A kowace shuka ka fara duban saƙa, sannan ka sa faranti ƙarƙashin reshe ka buga reshen sau uku, ka ƙirga gizo-gizon da ya faɗo da sauri kafin ya tsere. Ka juya ganye uku, na sama, na tsakiya, na ƙasa, ka duba darɓa, farin ƙuda, koren ƙwaro da jan gizo. Ka ƙirga tohon da ya yi yaushi ya sunkuya, da 'ya'yan da ke da huji.

Don na ƙasa, da yamma ka binne kofunan a kan tudun fangali inda ruwa ba ya bi, bakin kofi daidai da fuskar ƙasa, ba tudu ba kwari. Ka jefa busasshen ganye biyu a ciki, kada ka zuba ruwa. Da safe ka ƙirga, ka sake su. Idan bakin kofin ya ɗara ƙasa ko da faɗin yatsa, za su kewaye shi, ka ɗauka ba kowa.

Hanya mafi sauri ita ce ta dare. Bayan isha'i ka ɗora tocila a gefen goshinka, daidai da ido, ka haska ƙasa taku biyar zuwa goma a gabanka. Idon gizo-gizon ƙasa yana ƙyalli kamar ɓarɓashin kwalba. Idan tocilar na hannu a ƙasa da ƙugu ba za ka ga ƙyallin ba. Ka sa takalmin roba mai tsawo, fadama ba ta rasa maciji da kunama.

Mataki na 2: yi abin da hannu zai iya

Tohon da ya yi yaushi, ka yanke shi da wuƙa ko almakashi ɗan ƙasa da inda hujin yake, ka tsaga ka tabbata tsutsar na cikin abin da ka yanke. Ka tsinke duk gautar da ke da huji, komai ƙanƙantarta. A tara a buhu, a binne a rami mai zurfin kamu ɗaya ko fiye, ko a ƙona. Zubar da su a bakin lambu daidai yake da kiwon tsutsar, domin za ta fito ta zama uwa ta dawo. Wannan aiki kowane mako ake yinsa, tun daga mako na uku bayan dashe.

Ganyen ƙasa da jan gizo ya fara kamawa, a cire a fitar. Kada a bar shuka ta sha ƙishi a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Zafi da ƙura da ƙishi su ne abincin jan gizo. A kuma rage hannu da takin yuriya, ganye mai laushi da yawa shi ke kiran darɓa da farin ƙuda.

Ma'aunin da za ka iya riƙewa ga tsutsa: idan bayan yanka na mako-mako har yanzu toho ɗaya cikin 20 ko fiye na yin yaushi, kuma adadin na hawa, lokacin magani ya yi. Ga masu tsotso, ka dubi littafinka: idan sun ƙaru mako biyu a jere, sabon ganye ya fara naɗewa, to a yi. Ganin farin ƙuda biyu sun tashi ba dalilin feshi ba ne.

Mataki na 3: karanta kwalba, ba sunan kasuwa ba

Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe na talla ne. Abin da ke kisan yana rubuce da ƙananan baƙaƙe a ƙasansa, kuma za mu kawo sunayen yadda suke a jikin kwalba don ka iya gane su. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa tukuna.

Duk sunan da ya ƙare da "thrin", kamar lambda-cyhalothrin, cypermethrin da deltamethrin, shi ne ya fi yi wa gizo-gizo illa, ko da ɗan kaɗan ne. Su ne kuma suka fi araha a kasuwa, nan matsalar take. An san su da tayar da jan gizo, domin ba sa kashe shi yadda suke kashe masu cinsa. Bayansu sai chlorpyrifos, profenofos, dimethoate da dichlorvos, waɗanda ba sa zaɓe, kuma sun fi haɗari ga mai feshin kansa. Kwalbar da aka haɗa biyu, misali cypermethrin da dimethoate, ta fi kowace share lambu.

Imidacloprid, acetamiprid da thiamethoxam ba su cika kashe gizo-gizo nan take ba, amma sukan sanyaya masa jiki su rage masa ci. Suna da illa sosai ga zuma, gauta kuwa tana amfana da zuma wajen ɗaukar 'ya'ya, don haka a nisance su idan fure ya buɗe. Imidacloprid ma yakan tayar da jan gizo.

Abamectin, wanda ake yi wa jan gizo, da emamectin benzoate na tsutsa, suna kashe gizo-gizon da suka jiƙa. Sauƙinsu shi ne suna shiga cikin ganye, abin da ya rage a waje rana na karya shi da wuri, don haka wanda ya shigo bayan 'yan kwanaki yakan tsira. Spinosad ma tsaka-tsaki ne.

Mafi sauƙi a kan gizo-gizo su ne Bt, wato Bacillus thuringiensis, wanda sai tsutsa ta ci shi yake aiki kuma tsutsa kaɗai yake kamawa, da chlorantraniliprole, da ruwan darbejiya. Sai dai a kula: akan sayar da chlorantraniliprole a haɗe da lambda-cyhalothrin a kwalba ɗaya, wannan haɗin ya rushe sauƙin. Bt kuma ƙananan tsutsa yake kashewa kafin su shige, ba ya bin wadda ke ciki.

Haɗin darbejiya

Ka tsinci nunannun 'ya'ya, ka wanke naman, ka shanya a inuwa har su bushe, ka fasa ka fitar da ƙwayar. A zubar da duk wadda ta yi fumfuna, kuma kada a yi amfani da wadda ta kusa shekara a ajiye. Awon shi ne giram 50 ga kowace lita, wato giram 750 ga famfon goyo mai lita 15. A daka a turmin da ba na abinci ba, a ƙulle a ƙyalle, a jiƙa a lita biyar na ruwa ya kwana. Da safe a matse sosai, a tace sau biyu, in ba haka ba bakin famfo zai toshe tun a fangali na farko. A narka sabulun sanda kamar giram 15, a zuba, a cika ruwa zuwa lita 15. A yi feshin a ranar, da yamma. Kada a sa garin sabulun wanki, yakan ƙona ganye.

Darbejiya ba ta zubar da ƙwaro nan take. Hana shi ci take yi da hana shi girma, sai bayan kwana uku zuwa biyar ake ganin bambanci, kuma sai an maimaita duk mako. Wanda ya yi ta yau ya bi ta da lambda gobe don bai ga gawa ba ya yi asarar wahalarsa.

Mataki na 4: auna famfonka

Murfin kwalba da gwangwanin tumatir ba ma'auni ba ne. Ka sayi sirinji mai mililita 20 ka ware shi don wannan aikin kaɗai.

Ka auna fili mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, a cikin lambun. Ka zuba ruwa zalla lita 10 a famfo, ka fesa wurin da irin tafiyar da ka saba, ka auna abin da ya rage. A ce lita uku ka kashe. Hekta ɗaya ta ninka wannan fili sau 100, ke nan lita 300, wato famfo 20 mai lita 15. Idan kwalba ta ce mililita 400 ga hekta, sai ka raba gida 20: mililita 20 kowane famfo. Ka sake wannan awon idan shuka ta girma, domin ganye ya ƙaru ruwan da za ta sha ma ya ƙaru.

Ninka awo ba ya ƙara kashe tsutsar da ke ciki, gizo-gizo yake ƙarasawa. Rage awo kuma yana koya wa ƙwaro jure maganin. Ruwan ya zama mai tsabta, ruwan laka yana rage ƙarfin magani. Famfon maganin ciyawa a ware shi daban.

Mataki na 5: feshin kansa

Ka fesa inda cutar take. Darɓa da jan gizo a ƙungiya suke farawa, sau da yawa daga ɓangaren da iska da ƙura ke shigowa. Ka kafa kara a shukokin da suka kamu, ka fesa su da layi ɗaya na kewayensu, ka bar saura. Daga sauran ne gizo-gizo zai dawo.

Idan dole sai an yi duk lambun, a raba biyu: rabi yau, rabi bayan kwana huɗu ko biyar, muddin ƙwaron bai kai ga cinye shuka ba.

Bakin famfo ya zama mai fitar da ruwa a zagaye, ba mai baje shi kamar mafici ba, wancan na ciyawa ne. Ga masu tsotso a juya bakin sama ya bugi bayan ganye. Ga tsutsa a nufi toho da fure da ƙananan 'ya'ya. A tsaya da zarar ganye ya jiƙe. Idan yana ɗiga, gizo-gizon ƙasa kake yi wa wanka. Kada a fesa ƙasa, kada a fesa ciyawar bakin lambu.

Lokaci mafi kyau shi ne bayan la'asar sakaliya, zuma ta ragu, rana ba za ta karya Bt ko darbejiya ba. Amma gaskiya babu sa'ar da ke kuɓutar da kowane gizo-gizo, wasu na rana ne wasu na dare. Irin maganin da faɗin wurin da aka fesa sun fi sa'a muhimmanci. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa a haƙura, hazon zai tafi inda ba a aike shi ba.

Safar hannu, takalmin roba, riga mai dogon hannu da abin rufe hanci ba ado ba ne. Kada a wanke famfo a gulbi ko a magudanar da ke komawa gulbi. Masu "thrin" da abamectin guba ne mai ƙarfi ga kifi, kuma ba sai an tuna wa mutumin Argungu darajar ruwan Matan Fada ba. Gauta ɗanya ake ci, yara na ɗauka daga faifan talla su kai baki, don haka a tsinka kafin feshi, a kuma cika kwanakin jiran da kwalba ta rubuta kafin tsinka ta gaba.

Mataki na 6: ba su wurin zama

Kebbi ba ta rasa ciyawar shinkafa. A shimfiɗa ta tsakanin layuka, kaurin yatsa uku zuwa huɗu, a bar tazarar tafin hannu daga gindin shuka don kada ya ruɓe. Tana riƙe laima, tana rage ƙura, gizo-gizon ƙasa kuma na samun wurin ɓuya daga rana da daga feshi. Inda gara ta yi yawa a riƙa ɗagawa ana dubawa.

A shuka masara layi biyu a kewayen lambu, kamar mako uku kafin dashe, kuma kada a fesa ta. A bar siririn layin ciyawa a bakin fangali, a riƙa rage mata tsawo da lauje maimakon a ƙone ta. Sai dai a tuge ciyayin da suke dangin gauta, jan gizo da farin ƙuda na zama a kansu. Jariran gizo-gizo kan saki zare iska ta ɗauke su daga wuri zuwa wuri, don haka lambun da ke da irin wannan gefen ya fi saurin cika.

Mataki na 7: koma ka ƙirga

Kwana uku bayan feshi, da kwana bakwai, da kwana 14, ka maimaita ƙirgar shuka 20 da kofuna. Ka bar fangali ɗaya ko biyu da ba ka fesa ba, a ɓangaren da iska ke fitowa, ka riƙa kwatantawa da su.

Idan ƙwaro ya ragu, gizo-gizo ya ɗan ragu ya dawo cikin mako biyu, maganin ya dace da lambunka. Idan a kwana uku komai ya yi tsit, a kwana 14 darɓa ko jan gizo sun fi na da, gizo-gizo bai dawo ba, maganin ne ya jawo. A canza rukunin magani, wato a koma wanda ba dangin na farkon ba, kada a ƙara awo. Idan gizo-gizo ya mutu ƙwaro bai ko girgiza ba, ko dai ya saba da maganin, ko feshin bai kai bayan ganye ba, ko kuma ba maganinsa ba ne tun farko, kamar a yi wa jan gizo cypermethrin. A irin wannan hali ka sa ganyen da ya kamu a leda, ka haɗa da kwalbar da littafin ƙirgarka, ka kai wa malamin gona na KARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Kebbi, da ke yankinku.

Kowane magani ka zaɓa, kada ka yi rukuni ɗaya fiye da sau biyu a jere. Canza sunan kasuwa ba canza rukuni ba ne: lambda-cyhalothrin da cypermethrin gida ɗaya suka fito.

Idan tsinka ta ƙare, kada a bar tsofaffin shukoki tsaye suna renon tsutsa da jan gizo. A tuge su, a tara wuri ɗaya nesa da gefen lambu, a ƙona ko a binne. Masarar gefe da layin ciyawa da shimfiɗar shinkafa kuwa a bar su yadda suke har sabon dashe ya kama ƙasa.